TARIHIN LIKITA GIREFE, MALAMIN LIKITOCIN IDO

 Duk wanda ya taɓa kai tsohonsa ko tsohuwarsa asibitin ido ya ga yadda likita yake yi. Ya zaunar da mara lafiya, ya haska masa wata 'yar fitila cikin ido, ya leƙa, ya auna taurin idon, sa'an nan ya faɗi ko yana ce, ko kuwa hawan jinin ido ne. Mu dai muna ganin abin kamar da ma can haka yake. Alhali kuwa shekara 200 da suka wuce likitoci ba su da wata hanya ta duba cikin idon mutum mai rai, aikin ido kuwa ɗan reshe ne kawai wanda likitocin fiɗa suke taɓawa in sun sami sarari.

Yau za mu ba da tarihin mutumin da ya fi kowa ƙoƙari wajen mai da aikin ido ya zama fanni mai zaman kansa. Sunansa Albrecht von Graefe, Bajamushe ne, amma domin sauƙin faɗi za mu riƙa kiransa Girefe. Shekara 42 kaɗai ya yi a duniya. Cikin wannan ɗan lokaci ya gano hanyar ceton idon da ake ɗauka ba shi da magani, ya kuma horar da samarin likitoci waɗanda suka bazu cikin Turai da Amurka suka kafa asibitocin ido da makarantu.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Girefe ran 22 ga watan Mayu, 1828, a gidan iyayensa da ake kira Finkenherd, a gefen birnin Berlin. A lokacin nan ba a haɗa Jamus ta zama ƙasa ɗaya ba tukuna, Berlin kuwa ita ce hedkwatar ƙasar Prussia. Ubansa, Carl Ferdinand von Graefe, shahararren likitan fiɗa ne, kuma shehun malami a Jami'ar Berlin. Ya yi suna wajen gyara hancin da ya lalace da ɗinke tsagaggen ganɗa, yana kuma taɓa aikin ido. Cikin 1840 aka kira shi garin Hanover domin ya yi wa yarima mai jiran gado aiki a ido, can ciwo ya kama shi ya rasu. Girefe yana da shekara 12 ke nan ya zama maraya.

Uban ya bar musu dukiya, saboda haka karatun yaron bai tsaya ba. Ya yi makarantar sakandare ta Faransanci da ke Berlin, inda ya iya Faransanci sosai, ya kuma nuna basira wajen lissafi. Cikin 1843, yana ɗan shekara 15, ya shiga Jami'ar Berlin ya fara koyon aikin likita a hannun manyan malamai irin su Johannes Müller da Schönlein da Dieffenbach. Cikin 1847 ya sami digirinsa na likita, bai cika shekara 20 ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

YAWON NEMAN ILMI

Al'adar masu hali ce a zamanin nan, in saurayi ya gama koyon likita ya fita ƙasashe ya ga yadda wasu suke aiki. Girefe ya fara da birnin Prague, inda ya gamu da wani likitan ido mai suna Ferdinand Arlt. Wannan gamuwa ita ce ta juya rayuwarsa, domin kafin nan bai tsai da shawarar fannin da zai bi ba. Arlt ya nuna masa yadda ake duba ido a tsanake, da yadda ake bin diddigin ciwo, har saurayin ya ƙudura cewa ido zai ba ransa.

Daga Prague ya wuce Faris, ya zauna wurin Sichel da Desmarres, waɗanda asibitocinsu na ido suka fi suna a Faransa. Ya tafi Vienna wurin Friedrich Jaeger da ɗansa Eduard. Cikin 1851 ya je Landan, ya ga aikin William Bowman da George Critchett a asibitin ido na Moorfields. A Landan ɗin ne ya haɗu da wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Donders, wanda daga baya ya tsara ilmin auna ido domin ba da tabarau. Abotarsu ba ta yanke ba har mutuwa ta raba.

Abin lura a nan shi ne, Girefe ya ɗanɗana amfanin zama gaban malamai dabam dabam, kowa da inda ya fi ƙarfi. Ya kuma ga illar yadda kowane likita yake aiki shi kaɗai, abin da aka sani a Faris ba a san shi a Vienna ba. Wannan ya zauna masa a rai, shi ne kuma tushen irin horon da ya ba nasa almajiran daga baya.

ASIBITIN KANSA

Da ya komo Berlin a farkon shekarun 1850 sai ya kama 'yan ɗakuna a wani titi da ake kira Behrenstrasse, ya sa sanarwa cikin jarida cewa zai duba matalauta masu ciwon ido kyauta. Kafin a jima wurin ya yi kaɗan. Ya koma wani babban gida a titin Karlstrasse, ya yi ta faɗaɗa shi har ya kai gado wajen 120. Asibitin nan nasa ne na kansa, ba na gwamnati ba, kuma ba na jami'a ba. Abin da masu arziki suka biya, da abin da ya gada, da su yake riƙe da gadajen matalauta.

Cikin 1852 Jami'ar Berlin ta ba shi izinin koyarwa, bayan ya rubuta bincike a kan yadda naman da ke juya ido yake aiki. Wannan bincike ya taimaka wajen gane dalilin harara-garke, da dalilin da ya sa wani yake ganin abu ɗaya ya zama biyu, da kuma yadda za a gyara ta hanyar fiɗa ba tare da an wuce gona da iri ba.

Sa'arsa ita ce, daidai lokacin da ya fara aiki wani masani mai suna Hermann Helmholtz, wanda ke koyarwa a Königsberg, ya ƙera madubin duba cikin ido, ya bayyana shi ga duniya cikin 1851. Dabarar ita ce a karkato hasken fitila da gilashi ya shiga ta ƙofar tsakiyar ido, mai dubawa kuma ya sa nasa idon daidai kan hanyar da hasken yake komowa. Da haka sai a ga shimfiɗar bayan ido, da jijiyoyin jini, da kan jijiyar gani wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa. Tsofaffin likitoci da yawa sun yi ɗari-ɗari da abin, wasu suna tsoron kada hasken ya ƙara ɓata idon mara lafiya. Girefe kuwa nan da nan ya sa aka kawo masa, ya shiga duba duk wanda ya zo, yana rubuta abin da ya gani.

Kafin wannan madubi, duk makantar da ba a ga dalilinta daga waje ba suna ɗaya ake ba ta. Da madubin ya samu sai aka ga ashe cututtuka ne iri iri. Cikin 1859 Girefe ya duba wani mai ciwon zuciya wanda idonsa ɗaya ya makance farat ɗaya, ya gane cewa gudan jini ne ya toshe babbar jijiyar da ke ciyar da bayan ido. Cikin 1860 ya nuna cewa in ƙari ya fito cikin ƙwaƙwalwa kan jijiyar gani yakan kumbura, watau ta ido ana iya gane ciwon da ke cikin kai. Cikin 1864 ya bayyana wata alama ga masu wani irin ciwon maƙoƙo mai sa ido ya firfito: in suka dubi ƙasa fatar idon ta sama takan yi jinkirin biyowa. Har gobe ɗaliban likita suna koyon wannan alama da sunansa.

HAWAN JININ IDO

Babban aikin da ya ɗaukaka sunansa shi ne na ciwon gulokoma, wanda muke kira hawan jinin ido, ko da yake ba jini ne yake hawa ba. Ga yadda abin yake. Cikin ido akwai wani ruwa garai-garai wanda ido yake yi kullum, yana kuma fita ta wata 'yar magudana da ke kewaye da gefen baƙin ido. In magudanar nan ta toshe sai ruwan ya taru, ido ya yi tauri, ya danne jijiyar gani har ta mutu. Akwai irin da yake zuwa da gaggawa, ido ya yi ja, kai ya yi ta sara, mutum ya yi ta amai, yana ganin bakan gizo kewaye da fitila, cikin 'yan kwanaki gani ya tafi. Akwai kuma mai zuwa a ɓoye, ba zafi ba ja, yana cin gani daga gefe sannu a hankali.

A zamanin nan wanda irin na gaggawa ya kama sai dai a ba shi haƙuri. Girefe ya tabbata cewa taurin idon shi ne asalin ɓarnar, saboda haka maganin shi ne a sassauta shi. Ya gwada huda ido ya zubar da ɗan ruwan, ya ga ana samun sauƙi na 'yan kwanaki, sa'an nan ciwon ya komo. Sai ya tuna da wani abu da ya lura da shi. Akwai aikin da ake yi domin wasu cututtuka dabam, inda ake yanke ɗan yanki daga labulen ido, watau zoben nan mai launi da ke kewaye da ƙofar tsakiya, kuma ya ga idon da aka yi wa wannan aiki yakan yi laushi. Cikin 1856 ya gwada shi a kan masu hawan jinin ido na gaggawa. Zafi ya kwanta, ido ya yi laushi, waɗanda aka yi wa da wuri kuma ganinsu ya komo.

Cikin 1857 ya buga sakamakon, ya kuma bayyana shi gaban taron likitocin ido na duniya na farko, wanda aka yi a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam. Yana da shekara 29 a lokacin. Wannan shi ne karo na farko da aka sami aikin da ke ceton ido daga wannan ciwo. Amma fa Girefe bai ɓoye iyakar aikin ba. Ya rubuta cewa ga irin mai zuwa a ɓoye amfaninsa kaɗan ne, jijiyar da ta riga ta mutu kuwa ba ta farfaɗowa. Ainihin dalilin da ya sa aikin yake ci, watau ya buɗe wa ruwan wata ƙofa daga bayan labule zuwa gabansa, sai cikin 1920 wani likita a Amurka mai suna Edward Curran ya bayyana shi sosai. Yau da hasken leza ake huda wannan ƙofa cikin 'yan mintoci, amma dabarar ta Girefe ce.

YADDA YAKE HORAR DA SAMARI

Da sunan asibitin Karlstrasse ya bazu sai samarin likitoci suka yi ta zuwa daga ko'ina cikin Jamus, da Suwizalan, da Rasha, da Ingila, da Amurka. Wasu su yi 'yan watanni, wasu su zama mataimakansa na shekaru. Koyarwarsa a gaban mara lafiya ake yinta. A kawo mutum, ɗalibai su duba, malam ya bi alamomin ɗaya bayan ɗaya har a kai ga sunan ciwon da abin da za a yi. In baƙon bai iya Jamusanci ba sai ya juya masa da Faransanci ko Ingilishi. Ana rubuta labarin kowane mara lafiya cikin littafi, domin a iya komowa a ga ko maganin ya ci ko bai ci ba. Yininsa yakan ƙare tsakanin zagayen gadaje da lacca da fiɗa da duba masu zuwa daga waje, da dare kuma ya zauna rubutu.

Ga wani misali da zai nuna halinsa. Da farko, da ya duba kan jijiyar gani ta masu hawan jinin ido, ya ɗauka kumbura take yi, har ya buga haka cikin 1854. Sai wani saurayin likita da ke aiki a wurinsa, mai suna Adolf Weber, ya nuna cewa madubin ne yake ruɗin ido, wurin loɓawa ya yi kamar ƙoƙo. Girefe ya sake dubawa, ya ga yaron ne da gaskiya, ya gyara maganarsa a rubuce cikin 1855. Gyaran nan kuwa shi ya ƙara tabbatar masa cewa danniya ce take ɓata jijiyar, domin abin da aka danna shi yake loɓawa. Da ya yi girman kai ya ƙi sauraron na ƙasa da shi, da watakila maganin ya yi jinkiri.

Ya kuma gane cewa saurayin da ya gano wani abu yana bukatar wurin da zai buga shi. Saboda haka cikin 1854 ya kafa mujallar binciken ido mai suna Archiv für Ophthalmologie. Fitowar farko mafi yawan shafukanta shi ya rubuta su da kansa. Shekara ta gaba ya jawo malaminsa Arlt da abokinsa Donders suka zama editoci tare da shi. Mujallar nan tana fitowa har yau, tana ɗauke da sunansa.

Bayan mujalla sai taro. Cikin watan Satumba na 1857 ya gayyaci abokan aiki wajen 12 suka haɗu a garin Heidelberg, kowa ya faɗi abin da ya gano, aka yi muhawara. Suka mai da shi al'ada ta shekara shekara, cikin 1863 kuma aka tsara shi ya zama ƙungiya. Ita ce Ƙungiyar Likitocin Ido ta Jamus ta yanzu, ana kuwa lissafa ta a matsayin mafi daɗewa cikin ƙungiyoyin likitoci masu fanni ɗaya a duniya.

ALMAJIRANSA

Ana gane malami ta wurin almajiransa. Richard Liebreich ya yi shekara takwas yana mataimakinsa, ga shi kuma gwanin zane. Cikin 1863 ya fitar da littafin hotunan cikin ido masu launi, wanda likitocin ƙasashe da yawa suka koyi karanta bayan ido da shi. Ya yi aiki a Faris, daga baya a Landan. Friedrich Horner ya koma Zurich a Suwizalan ya kafa tasa makarantar, cikin 1869 kuma ya bayyana alamomin wani ciwon jijiya da har yanzu ake kira da sunansa. Hermann Knapp ya yi ƙaura zuwa Niyok cikin 1868, shekara ta gaba ya buɗe asibitin ido da kunne, ya kuma kafa mujallar da ta zama ɗaya daga cikin manyan mujallun ido na Amurka.

Theodor Leber ya zama mataimakinsa daga 1867 zuwa 1870. Shi ya bi diddigin yadda jini da ruwa suke zagayawa cikin ido, ya kuma bayyana wasu irin makanta biyu da ake gado, ɗaya cikin 1869, ɗaya cikin 1871. Julius Hirschberg ya ƙera maganaɗisun lantarki na ciro ɓarɓashin ƙarfe daga cikin ido cikin 1879, abin da ya ceci idon maƙera da ma'aikatan masana'antu masu yawa, ya kuma rubuta tarihin aikin ido cikin littattafai masu yawa. Julius Jacobson na Königsberg shi ya tsaya tsayin daka yana rubuce-rubuce sai gwamnati ta raba fannin ido da na fiɗa a jami'o'i.

WAKEN KALABA

A nan labarin ya biyo ta ƙasarmu, ta wajen da wasunku suke zaune. A yankin Kalaba akwai wani wake mai dafi wanda Efik suke kira esere. A da can shi ake ba wanda aka zarga da maita ya ci, in ya amayar an ce ya kuɓuta, in ya mutu an ce laifinsa ya tabbata. 'Yan mishan na Sikotlan da ke Kalaba suka aika da shi birnin Edinburgh, masana suka shiga bincikensa. Cikin 1863 wani almajirin Girefe mai suna Argyll Robertson ya ɗiga ruwan waken a idon kansa, ya bayyana cewa yana tsuke ƙofar tsakiyar ido. A shekarar nan Girefe ma ya gwada shi, ya yi amfani da shi wajen shirya ido kafin aikin yanke labule.

Cikin 1876 wani likita a Strasbourg mai suna Ludwig Laqueur, wanda ya yi shekaru yana mataimakin Liebreich a Faris, watau almajirin almajirin Girefe ke nan, ya nuna cewa sinadarin da aka tace daga waken Kalaba yana sassauta taurin ido. Wannan shi ne maganin ɗigawa na farko na hawan jinin ido a duniya, ana kiransa eserin, daga sunan nan na Efik. Shi kansa Laqueur yana fama da ciwon. Da abin ya tsananta cikin 1880 sai ya tafi Zurich, Horner ya yi masa aikin nan na Girefe, ya ci gaba da gani har ƙarshen ransa. Kada wani ya ji wannan ya nemi waken ya sa a ido ko a baki, dafi ne mai kisa, kuma yau akwai magungunan da suka fi shi.

YANAR IDO

Girefe ya kuma gyara aikin yanar ido. Yana dai ita ce gilashin halitta da ke cikin ido in ya yi fari ya hana haske wucewa. Tsohuwar hanya ita ce a sa tsinke a tura gilashin ya faɗa can cikin ido. Mutum yakan ga haske da farko, amma sau da yawa idon yakan kumbura ko ya yi tauri daga baya ya mutu. Wani Bafaranshe mai suna Jacques Daviel ya fara ciro gilashin waje gaba ɗaya tun wajen 1747, sai dai yankan nasa yana da faɗi, yakan ruɓe. Cikin 1865 Girefe ya fito da wani salon yanka mai saurin haɗewa, da wata siririyar wuƙa da ya tsara domin aikin. Idanun da ke lalacewa bayan aiki suka ragu, wuƙar kuwa an yi kusan shekara 100 ana aiki da ita da sunansa. A tuna fa duk wannan ya yi shi babu maganin kashe zafi na ɗigawa a ido, domin wannan bai fito ba sai cikin 1884. An ƙiyasta cewa ya yi aikin ido fiye da 10,000 a rayuwarsa.

RASHIN LAFIYA DA RASUWA

Duk da sunan da ya yi a duniya, a gida hukuma ta daɗe tana jan ƙafa. An ba shi ƙaramin matsayin farfesa cikin 1857, amma cikakken matsayi sai cikin 1866, shugabancin sashen ido na babban asibitin Charité kuwa sai cikin 1868, lokacin da ƙarfinsa ya riga ya fara ƙarewa. Tun cikin 1861 ciwon ƙirji mai tsanani ya kwantar da shi, ashe tarin fuka ne. Wata 'yar sarauta daga ƙasar Denmak mai suna Anna Knuth ta yi jinyarsa, suka yi aure cikin 1862. Sun haifi 'ya'ya biyar, biyu suka rasu suna ƙanana.

Ciwon bai sa ya rage aiki ba, ya ci gaba da fiɗa da koyarwa yana tari. Ya rasu a Berlin ran 20 ga watan Yuli, 1870, kwana ɗaya bayan Faransa ta yi shelar yaƙi da Prussia, saboda haka hayaniyar yaƙi ta rufe labarin mutuwarsa. Matarsa ta bi shi cikin 1872, ita ma da tarin fuka. Cikin 1873 jami'o'in Prussia suka sami kujerun farfesan ido masu zaman kansu, abin da ya yi ta nema, almajiransa kuwa su suka hau da yawa daga cikinsu. Cikin 1882 aka kafa mutum-mutuminsa kusa da asibitin Charité, yana riƙe da madubin duba ido a hannu. Lambar girma da ƙungiyar Heidelberg ta ƙirƙiro da sunansa, Helmholtz aka fara ba ita cikin 1886.

ABIN DA YA SHAFE MU

Cututtukan nan biyu da Girefe ya yi fama da su, su ne kan gaba wajen makantar da manya a Nijeriya. Binciken da aka yi a duk faɗin ƙasar nan daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin masu shekara 40 zuwa sama, wajen mutum 4 cikin 100 makafi ne, adadinsu ya haura miliyan ɗaya. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido kuma wajen kashi 17. Binciken ya kuma gano cewa cikin idanun da aka taɓa domin yana, fiye da kashi 40 cikin 100 turawa aka yi da tsinke a gargajiyance, mafi yawansu kuma ba su gani. Abin ya fi yawa a Arewa.

Saboda haka ɗan'uwa da ke neman kuɗi a Kudu, in aka aiko maka cewa idon baba ko na inna ya yi fari, kada ka aika da kuɗi a kai su wurin mai tsinke. A kai su asibitin ido, a Kaduna ko Kano ko duk inda ya fi kusa, aikin yana na yanzu ɗan lokaci kaɗan yake ɗauka, a cire gilashin da ya lalace a sa na roba. Hawan jinin ido kuwa, irin mai zuwa a ɓoye shi ya fi yawa a cikinmu baƙar fata, yana kuma bin dangi. Wanda ya kai shekara 40, musamman in akwai wanda ya makance a gidansu, ya je a auna masa ido ko da ba ya jin komai, domin abin da ciwon ya ci ba ya komowa, sai dai a tsare saura.

Ga 'ya'yanmu da ke karatun likita kuma, da manyan da ke koya musu a asibitocin koyarwa da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, tarihin nan ya nuna abin da saurayi yake bukata kafin ya zama mai bincike. Yana bukatar malamin da zai tsaya da shi gaban mara lafiya ya kuma saurare shi in ya kawo gyara, da littafin da ake rubuta sakamakon aiki cikinsa, da wurin buga abin da ya gano, da taron da zai haɗu da tsaransa. Girefe ya tanadi duk waɗannan da kuɗin aljihunsa, kafin gwamnati ta waiwaye shi.